Rigar da Ta Yi wa Auta Yawa

A layin da shagon Inna Tela yake, da wuya ka sami macen da ba ta taɓa tsayawa a gabanta ta ware hannuwa kamar kazar da za a fige ba. Haka take awo. Tef ɗin awo yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya sandare don rashin taɓawa. Mai kawo mata man keke ne ya ba ta kyauta, ta karɓa don kada ya ji kunya. Ita tafin hannunta ne ma'auninta. Ta ɗora taƙi a kafaɗa, ta zagaya ƙirji, ta sauka ƙugu, ta ɗan mintsini ciki ta ce, "Saki numfashin, 'yar nan, ba mijinki ne ke kallo ba." Shi ke nan an gama. Ba ta rubutawa, don ko sunanta aka rubuta mata ba za ta gane shi ba. Kuma ba ta sake auna mace sai in ta haihu ko ta yi doguwar jinya.

Mutane sun ɗauka lamba take haddacewa. Ina! Lamba ba ta da maratayi, ka ajiye ta a ka yanzu, an jima ta zame. Abin da Inna take yi shi ne, tana awo tana jan mace da hira har sai ta amayar da abin da ke cinta. Wannan mijinta minshari yake kamar injin niƙa, waccan surukarta ta tare a ɗakinta ta ƙi tafiya, wata kuma ɗanta ya haɗiye maɓalli. Sai ta ɗaure awon a jikin labarin. Ko bayan shekaru matar ta aiko da yadi, Inna ba ta tambayar kanta faɗin kafaɗa. Sai ta lumshe ido ta ce, "Matar mai minshari," sai ga matar tsaye a cikin kanta, da gajeren wuyanta da kafaɗarta ta hagu da ta fi ta dama sauka, hannu kuma ya ɗauki alli ya zana da kansa. Shi ya sa ta san cikin kowane gida a layin, shi ya sa kuma kowa ke gaishe ta da ladabi, har waɗanda ba sa ƙaunar ganinta.

Ba a gidan ɗinki aka haife ta ba. Uwarta wanki take yi wa mutane, ubanta ɗan dako ne a tasha. Ita ce mai raba wankin gida-gida da ƙunshi a ka, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ba ta taɓa kai wandon wani gidan wani ba. Gwaggonta mai keken ɗinki ta lura da haka, ta ce wannan kan ya fi ƙarfin ɗaukar ƙunshi, ta ɗauke ta. A can ta koyi yanka da kalmasa da zagi, duka ukun a hannu ɗaya. Ta auri direban babbar mota, mutum mai yawan dariya da ƙarancin ajiya. Ta haifa masa namiji, sannan bayan dogon shiru ta haifi Auta. Ciwon ciki ne ya kayar da direban. Ya narke a gabanta a gadon asibiti, ƙato guda ya koma kamar sandar shanya, kuma tun daga ranar da aka fito da gawarsa Inna ba ta sake bin titin asibitin nan ba. Gara ta zagaya ta bayan kasuwa, ko da kuwa rana na dukanta.

Amma ba asibiti ne babban abin tsoronta ba. Tsohuwa ce, uwarta. A ƙarshen rayuwarta kan Tsohuwa ya kwance, kuma ya kwance ne ta inda ba a zata ba. Tana gane maƙwabta. Tana iya jero gidajen da ta yi wa wanki tun tana budurwa, har da wanda ke ba da sabulu mai wari. Amma wata safiya Inna ta shiga mata da ruwan wanka, Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema a gidan nan?" Daga baya ne sauran suka bi, maƙwabtan da gidajen da cokali da hanyar banɗaki. Inna ta yi jinyarta har ƙarshe, ta kuma fita da hukunci guda da ta ɗaure a zuciyarta: wannan ciwo daga kusa yake fara ci. Wanda ka fi sani shi yake fara ɗaukewa.

Namijin ya girma ya tafi aiki wani gari mai nisa, sai waya da saƙo. Auta ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo da akwatinta da bakinta, ta zauna a ɗaya keken. Shagon ɗaki ɗaya ne: keke biyu suna fuskantar juna, teburin yanka a tsakiya, dutsen guga a lungu, labule a kusurwa inda ake gwada kaya, ƙyallaye a buhu ƙarƙashin benci. Inna ke yanka, Auta ke haɗawa da kalmasa da sa zif. Daga safe har yamma suna cacar baki, masu jiran ɗinki na shan dariya kyauta.

"Wannan kalmasar taki kamar hanyar maye."

"To ai ke kika yanka, Inna. Ni bin sawunki nake yi."

"Ji rashin kunya. Da bakin nan kika kori mijin."

"Gado na yi."

Haka aka yi shekaru. Kullum Auta tana gabanta, tsakaninsu bai fi tsawon tebur ba. To, ga wani abu game da ido da mutane ba sa so a faɗa musu: ido malalaci ne. Baƙo yake kallo da kyau. Wanda ya saba da shi kuwa, sai ya leƙa ya ce, "A'a, wance ce," ya ɗauko tsohon hoton da ke ajiye a ka ya manna, ya koma barcinsa. Inna da ke iya hango mace daga tsallaken titi ta ce ta ƙara yatsa biyu a ƙugu, ita ce ba ta ga Auta ta fara yafa babban mayafi a cikin shago ba, ba ta ga kwanon abincinta yana komawa da rabi ba, ba ta ga ta daina ɗaga buhun ƙyallaye sai dai ta ja shi a ƙasa ba.

Ana nan sai yayan Auta ya aiko da yadi, shuɗi mai duhu da ƙananan furanni, mai laushi kamar ruwa. Ya ce na Inna ne. Inna ta shafa shi ta ce a ranta, tsohuwa me za ta yi da furanni? Ta ɓoye shi ƙarƙashin tebur. Duk sanda Auta ta fita, kuma a 'yan kwanakin nan tana yawan fita, wai sayen zif, sai ta ciro ta yi aiki. Ba ta buƙaci lumshe ido ba ma. Jikin da ta yi wa wanka, ta goya, ta yi wa ɗinkin makaranta da na aure, wane labari za ta nema ta ɗaure shi? Ta yanka doguwar riga mai kama ƙugu, ta yi mata wuyan da Auta ke so, ta goge ta, ta rataye a bayan labule.

"Shiga ki gwada min wannan, mai ita ba za ta zo ba."

Auta ta leƙa, ta gane yadin, ta tsaya. "Inna, ai naki ne."

"Na ce ki shiga. Sai na haɗa da roƙo?"

Ta daɗe a bayan labulen. Da ta fito, Inna ta riga ta shirya bakinta don yabon kanta, sai maganar ta maƙale. Kafaɗun rigar sun zubo har kan damtse. Wuyan ya buɗe. Ƙugun da aka yanka don ya kama yana lilo kamar buhun da aka juye. Kai ka ce yarinya ce ta saci rigar uwarta.

Inna ta zagaya ta. Ba Auta take kallo ba, rigar take kallo, ɗinkin, layin alli. Ta kamo yadin ta baya, ya cika mata hannu.

"Wannan ba awonki ba ne," ta ce a hankali.

Auta ta dubi ƙasa. Da za ta yi magana, a nan ne wurin. Amma sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke ma dai, Inna. Kin haɗa ni da wata ne. Wa ya sani ko matar mai minshari kika yanka wa."

"Ni? Ni zan haɗa ki da wata?"

"To mene ne a ciki? Kowa na kuskure. Bari na cire, zan rage ta da kaina."

Ta koma bayan labule da sauri, ta fito da mayafinta a lulluɓe. Inna ta zauna a kan benci. Ba ta yi zagi ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abu ɗaya ke yawo a kanta: daga kusa yake fara ci.

Ta karɓe rigar ta cusa ƙarƙashin tebur, ta ce kada a sake taɓa ta. Daga ranar ta shiga farautar kanta. Mutum kuwa in ya fita neman shaida a kan kansa, ba ya dawowa hannu wofi. Ta ajiye almakashi ta neme shi, ashe yana ƙarƙashin yadi: shaida. Ta shiga kicin ta tsaya tana tunanin abin da ya kawo ta: shaida. Sunan jikar maƙwabciya ya tsaya mata a kan harshe ya ƙi fitowa: shaida. Duk waɗannan ta saba yinsu tun tana da ƙuruciya, tana zagin almakashin ta wuce. Yanzu kowanne sai ya zauna mata a ƙirji kamar dutsen guga.

Sai ta fara abin da ba ta taɓa yi ba. Mace ta kawo yadi, ta ce mata, "Ware hannuwa."

"A'a, Inna, yau kuma? Ai kina da awona."

"Na ga kamar kin ci kuɗin cefane ne. Ware."

Kafin ta ɗora hannu sai ta faɗa wa kanta abin da za ta samu, sannan ta auna. Daidai. Ta gaba ma daidai. Matar mai minshari da kanta ta zo, daidai har kafaɗar hagun. Wani zai ce ai sai hankalinta ya kwanta. Bai kwanta ba, ƙara tashi ya yi. Ba haka Tsohuwa ta yi ba? Maƙwabta tsaf, 'yar cikinta ce ta ɓace. Duk macen da awonta ya fito daidai, sai ta zama ƙarin hujja cewa ciwon ne, yana bin hanyarsa yadda ya saba. Mace ɗaya tak ya kamata ta ce wa ta ware hannuwa, ga ta nan a tsallaken tebur, amma ita ce ba za ta iya ba. Ta auna Auta? Ai daidai yake da ta dube ta ta ce, baiwar Allah, wa kike nema.

Ƙawarta Mai Zare, wadda ke da rumfar zare da maɓallai a bakin layin, ita ta fara yi mata magana. Tare suka tsufa, kuma ita kaɗai ce ke iya mayar mata da baƙar magana ta kwana lafiya.

"Ke, wai me ke damunki? Kin zo sayen baƙin zare kin tsaya kina kallona kamar na ci miki bashi."

"Kaina ne, 'yar uwa. Na Tsohuwa ya zo."

"Kanki? Kan da ya riƙe cewa na taka miki zane ranar da aka kai ki ɗaki? Allah ya sa ya kwance, mu huta."

"Ba wasa nake ba. Na yanka wa Auta riga, ta yi mata yawa kamar ta aro."

Mai Zare ta daina dariya. Ta juya ƙwallon zare a hannu ta ce, "Ni kuwa sai nake ga kamar Autar ce ta faɗa. Kin dube ta kuwa?"

"Kullum tana gabana, ke da kike hango ta daga rumfa ce za ki faɗa min? Haka jikinta yake tun tana yarinya. Kada ki lallashe ni, ni ba jaririya ba ce."

"To, Allah ya ba ki haƙuri."

"Ya ba ki dai. Miƙo zaren."

Ta tafi tana huci, wai ana so a rufe mata gaskiya don tausayi. Haka mai wayo yake: in ya kama hanyar da ba ita ba, ya fi wawa nisa, don duk wanda ya tare shi yana da amsar ba shi.

Da ta gama yanke wa kanta hukunci, sai ta shiga shiri, don ita ba mai zama ta jira abu ya same ta ba ce. Ta fara koya wa Auta mutanen. Suna aiki tana jero mata su: wance, mai surukar nan, ƙirji kaza, ki bar mata wuri a hammata don tana gumi, wance, uwar mai haɗiye maɓalli, hannunta gajere ne amma ba ta so a faɗa. Auta tana taka keke tana cewa to.

"Ki riƙe da kyau. Shagon nan naki ne. In na fara fita ba ɗankwali, ki kulle ni a ɗaki, kada ki bar yaran layi su yi min waƙa. In na tambaye ki wace ce ke, kada ki yi kuka a gabana, ki ce min ke mai kalmasa ce, a karkace. Zan gane."

Keken Auta ya tsaya. Ta kifa kai a kansa, kafaɗunta na rawa.

"Tun yanzu? Ai ban tambaya ba tukuna. Tashi ki sa min zare a allura, idon ma ya bi sahu."

Auta ta ɗago ta share ido. Ta sa zaren.

Rigar shuɗiyar ce ta hana Inna sakat. Kuskure ne a ƙarƙashin teburinta, kuma ba ta saba kwana da kuskure ba. Ta ce ko kan ya tafi, ba za ta bar ɗinkinta na ƙarshe ga 'yarta ya zama abin kunya ba. Tambaya ba za ta yi ba, awo ba za ta yi ba. Sai dabara ta zo mata, irin wadda kowane ɗan koyo ya sani: a ɗauki rigar da mutum ke sawa a kwatanta. Ran nan da hantsi Auta ta fita sayen zif ɗinta da ba ya ƙarewa. Inna ta rufe shago ta koma gida, ta zare wata koriyar riga daga igiyar shanya, wadda ita da kanta ta ɗinka mata shekarun baya, kuma Auta na sawa har yanzu tana zama mata cif. Ta dawo ta shimfiɗa ta a tebur, ta juya cikinta waje.

A gefen rigar akwai ɗinkinta. Ta san shi kamar yadda ta san muryarta: miƙaƙƙe, ƙanana, da ƙullin da take yi a ƙarshe. Amma ba shi kaɗai ba ne. A cikinsa akwai wani layin, ɗan karkatacce, da zaren da bai dace da launin ba. A cikin wannan akwai wani. A cikinsa kuma wani, sabo fil, zaren ko wanki bai sha sosai ba. Layi bayan layi suna matsowa ciki, duk hannun Auta.

Ta ciro shuɗiyar ta ɗora a kai, kafaɗa kan kafaɗa. Gefenta ya faɗa kan tsohon ɗinkin nan nata, na waje, ko faɗin zare bai kauce ba.

Dariya ta ƙwace mata. Wallahi dariya ta yi, ita kaɗai a shago, har da tafa hannu. Kanta lafiya lau! Awon yana nan inda ta ajiye shi! Ta juya kamar za ta ƙwala wa Mai Zare kira ta zo ta gani. Sai idonta ya koma kan layukan cikin, ta ɗora yatsu tsakanin na farko da na ƙarshe, yatsun suka shige har da saura. Gefe ɗaya ke nan. Ta san abin da ke cin mutum haka. Ta taɓa rage wa direba wandunansa.

Dariyar ba ta san inda za ta koma ba, sai ta zama wani sauti da ba shi da suna.

Da Auta ta dawo, ta tarar da rigunan biyu a tebur, uwarta na zaune da hannuwa a cinya.

"Ina zif ɗin?"

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a kan rigunan.

"Cire mayafin. Ware hannuwa."

"Inna…"

"Ware."

Ta ware. Inna ta ɗora taƙi a kafaɗa, ƙashi ya tare ta. Ta zagaya ƙirji, hannun ya isa da wuri, ya rasa abin yi da sauran tafiyar. Da ta sauko ciki, a gefen dama, ta ji abu mai tauri a ƙarƙashin fata, Auta ta ja numfashi ta haƙora. Wannan karon ba a ja kowa da hira ba.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Sayen zif ɗin nan, ashe asibiti kike zuwa?"

"Eh."

"Me suka ce?"

"Da farko sun ce a yi aiki. Na ce sai na yi shawara. Yanzu sun ce… sun ce a dai riƙa zuwa karɓar magani."

"Shawara da wa? Da buhun ƙyallaye?" Muryar Inna ta tashi. "Kika tsaya a nan, a nan, kika ce min na haɗa ki da wata! Kina kallo ina bin mata ina auna su kamar mahaukaciya, ina ba ki wasiyya, kina ce min to!"

"Na ga yadda kika yi lokacin Baba. Ko titin ba kya bi." Auta tana kuka yanzu, hannuwan har yanzu a ware, ta manta ta sauke. "Kullum sai na ce yau zan faɗa. Sai na shigo ki zage ni a kan kalmasa, sai na ji kamar ba abin da ya faru. A shagon nan kaɗai nake da lafiya, Inna. Kowa ya dube ni sai na ga abin a idonsa. Ke kaɗai ce kike ganina yadda nake da."

Inna ta matso kusa da ita. Ta kama hannuwan ta sauke mata su, ta jawo ta jikinta. Babu nauyi.

Washegari ta bi titin asibiti. Ta zauna a bencin jira, ta shiga wurin likita, ta yi masa tambayoyi har ya cire tabarau ya murza ido. Ya yi mata bayani da haƙuri, bai ɓoye ba. Ta tambaye shi, da an zo lokacin da ta yanka rigar fa? Ya ce ba zai iya cewa ba. Ta ce to kafin nan? Ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Duk abin da ya faɗa ta riƙe shi, kalma da kalma, da sunayen magungunan da ba ta iya karantawa, da wanda ake sha kafin abinci da wanda ake sha bayansa. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Kai, Inna, Allah ya ba ki kai." Inna ta dube ta ta ce, "Kina so? Ɗauki."

Yayan Auta ya zo ya koma ya sake zuwa. Mai Zare ta riƙa kawo abinci, ba ta taɓa cewa ai na faɗa miki ba, abin da ya sa Inna ta kasa yi mata faɗa, ta kuma ji haushin hakan. Keken Auta aka lulluɓe shi da zane. Inna ta dawo da nata gida, ta ajiye kusa da taga a ɗakin da Auta ke kwance.

Auta ta ce shuɗiyar take so ta riƙa sawa in za a je asibiti, tunda saboda ita aka sha faɗa. Inna ta rage ta. Amma ba ta yanke rarar ba. Ta ninke ta ciki ta bi da ɗinki, kamar yadda ake yi wa rigar yaro mai girma, don ranar da za a buɗe. Bayan ɗan lokaci rigar ta sake yin yawa, ta sake ragewa, ta sake ninkewa. Ta kuma. Gefunan suka yi kauri kamar igiya, har allura na gardama kafin ta shige. Duk telar da ta ga wannan aiki sai ta yi tsaki. Inna ta sani sarai. Ta ci gaba da ninkewa.

Wata ranar da yamma suka dawo daga asibiti, Auta ta kwanta da rigar a jikinta don ba ta da ƙarfin cirewa. Tana juyi, ta kwanta ta dama ta kasa, ta koma hagu ta kasa.

"Ciwon ne?"

"A'a. Rigarki ce." Ta yi murmushi da busassun leɓɓa. "Wannan ɗinkin naki, Inna, kamar na kwanta a kan kara. Wa ya koya miki?"

"Rufe min baki. Ana barin rara ne saboda gaba."

"Na sani."

A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta, ba a buɗe ba.

"Inna, ki yanke. Yana ci min haƙarƙari."

"In na yanke, ba ta buɗuwa kuma."

"Na sani, Inna."

Inna ta shafa kaurin gefen rigar. Sannan ta tashi ta taimaka mata ta zare rigar ta ka, a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, ta lulluɓe ta da zane. Ta zauna a bakin gadon ta juya rigar, ta warware ninkin da bakin allura. Yadin ya buɗe a cinyarta, mai yawa, furanninsa sababbi, ko rana ba su taɓa gani ba. Ta ɗauki almakashi.

"Ki bi layi fa," in ji Auta daga kan filo, idonta a rufe. "Kada ki karkace ki ce ni ce."

Inna ta sa almakashin a bakin yadin, ta yanka.